Gindin Bangon Mai Wankin Hula

Mahaifina wankin hula yake yi a Nima, wata unguwa a Akra. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a wuri ɗaya, a gindin bangon gidan wani Alhaji mai fataucin goro, daidai inda lungu yake fitowa bakin titi. Wurin bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Benci ɗaya ne, da baho uku, da buroshi, da dutsen guga na gawayi, sai gumagumai na itace da aka sassaƙa kamar kan mutum, manya da ƙanana. A kansu yake kifa hula bayan ya wanke ta ya sa mata sitaci, ta sha rana ta tsaya cak. Idan ya jera su da hantsi sai ka ce dattawan unguwa ne suka zauna shawara.

Mu Kirista ne. Baba daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya fito, ya koyi sana'ar a Kano, ya biyo motar shanu har Akra yana saurayi, a nan ya yi aure ya zauna. Masu kawo masa hula kuwa kusan duk Musulmi ne, kuma ban taɓa jin wanda ya ce hularsa ta ƙi zama a kansa don Kirista ne ya wanke ba. Laraba da Alhamis ko ruwa ba ya samun sukunin sha, saboda kowa yana son tasa kafin Juma'a. Lahadi kaɗai yake rufewa, ya saka tasa hular, mu tafi sujada a wani ajin makaranta da ikilisiyarmu take aro a Mamobi. Masu gadi ne da 'yan dako da mata masu tuwo, 'yan ƙabilun Kusasi da Frafra da mu, muna waƙa da Hausa saboda ita ce ta haɗa mu.

Ba ya rubuta sunan kowa, ba ya ba da takarda. Ya san kowace hula da mai ita. Wannan mai gumin goshi ne, wannan turarensa ya fi ƙarfinsa, wannan kuma a karkace yake kafa tasa. Ina ƙarama nakan ga leɓensa yana motsi idan yana goga, na ɗauka waƙa yake yi a ciki. Sai da na girma na gane addu'a yake yi wa mai hular, ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wurin kuwa ba haya yake biya ba. Tsohon Alhajin ne ya ba shi, kuma da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa ya ce muddin mai wankin hula yana son gindin bangon nan, kada wanda ya tashe shi. Wanda ya san Nima ya san nauyin wannan magana. A unguwar da ko a kan kwata ake shimfiɗa katako a yi shago, bakin titi irin wannan kowa idonsa na kai. Babban ɗan Alhajin ya riƙe maganar ubansa shekara da shekaru, masu son wurin suna ta sintiri yana sallamarsu.

Ni dai gaskiya ban taɓa son sana'ar nan ba. Ni ce babba, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Mamanmu ta rasu ina sakandare, aka bar mu a ɗaki ɗaya da ƙannena biyu. Na sha layin banɗakin haya da safe, na sha kwashe ruwan kwata daga ɗaki idan aka yi ruwa. A makaranta in faɗa ya haɗa ni da wata, sai ta ce mini 'yar mai wanke dattin kai. Ni kuma ba na barin ta kwana, a nan take nake ramawa, amma in na dawo gida na ga hannun Baba ya yi fari ya tsattsage saboda sabulu, sai zuciyata ta yi ta tafasa. Tun lokacin na ɗaura aniyar sai na fitar da mu daga nan ko ana ha maza ha mata.

Da tebur ɗaya na fara a Kasuwar Malam Atta, tumatirin gwangwani da man girki. Daga tebur na kama shago, daga shago na fara sarin shinkafa buhu-buhu ina ba masu sayar da abinci. Allah ya sa wa abin hannu. Kada a ɗauka Baba yana ƙin arziki, ko kaɗan. Duk shagon da na buɗe sai ya zo ya cire hula ya yi addu'a a bakin ƙofa. Abin da yake cewa kawai shi ne, arziki kamar ruwan famfon Nima yake, ran da ya zo ki tara ki sam wa maƙwabta, ran da bai zo ba kuma ba kya fasa bokiti. Nakan ce to, Baba, amma ta kunnen hagu maganar take fita.

A wannan lokacin na bar ajin makarantar nan na koma wata babbar majami'a a cikin gari, mai fankoki da majigi, inda ake wa'azi da Turanci. Ba zan ɗora musu laifina ba. Suna faɗin abubuwa da yawa, ni ce kunnena yake tsintar abin da yake so. Abin da na tsinta shi ne, wanda Allah yake ƙauna ana ganin alama a jikinsa, talauci kuma wani abu ne da ake karya shi da addu'a. Na duba kaina na ga alama. Na duba Baba na ga baho uku.

Na gina gida can bayan Amasaman, na ware masa ɗaki da banɗakinsa a ciki. Ya zo ya zagaya, ya taɓa bango, ya yi godiya ga Allah har da ƙwalla. Ranar Litinin da sassafe ya hau motar haya ya koma bakin aikinsa. Na ce ya dawo gaba ɗaya, ya ce sai bayan ƙaramar Sallah, aiki ya yi yawa. Aka yi Sallah, ya ce bari a yi Layya. Aka yi Layya, ya ce ai alhazai suna dawowa da sababbin huluna. Haka ya yi ta yi mini hanya-hanya har shekara ta zagayo.

Wata Alhamis na same shi a wurin, raina a ɓace. Ina tsaye da jakata da mukullin mota, shi yana sunkuye a kan baho.

Na ce, "Baba, wai don Allah me ka rasa? Mutane suna ganina da mota, suna ganinka kana wanke gumin wasu. So kake a ce ban san darajarka ba?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya ce?"

"Ba sai an ce ba. Ni ina da ido."

Ya matse hular da ke hannunsa, ya kifa ta a kan gungume, ya daidaita bakinta da yatsa. Sannan ya ce, "Uwata, Ubangijinmu ƙafar almajiransa ya wanke. Ni da aka ba ni kai, ai an ɗaga ni."

Wani dattijo da yake zaune a benci yana jiran tasa ya yi dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na juya na shiga mota ban ko yi sallama ba, kuma kafin in kai Kawukudi na riga na yanke abin da zan yi. Tunda wurin ne yake riƙe da shi, bari in raba shi da wurin.

Bayan kwana biyu na je na sami babban ɗan Alhajin a zaurensu. Mutum ne mai sanyin hali, tare muka taso a lungu ɗaya ko da yake ya girme ni. Na ce masa Baba ya gaji, zai koma wurina ya huta, ya ce a gode masa, wurin ya koma hannunsu daga ranar Lahadi mai zuwa.

Ya dube ni ya ce, da irin Hausarsu ta Nima da ba ta raba mace da namiji, "Sista, Baba ne ya aiko ka?"

Na ce, "Shi ya aiko ni. Ka san shi da kunya, ba zai iya faɗa da bakinsa ba."

Ya ce, "Wallahi in ba shi ya ce ba, ni ba na taɓa wurin. Maganan tsohona ne."

Na ce, "Shi ya ce."

A wurinmu idan babban ɗa ko babbar 'ya ta kawo saƙon uba, an gama. Ba a bin bayanta a tambaya, domin yin hakan zagi ne ga gidan duka. Na san da haka, kuma da shi na yi aiki. Ya ce to, dama akwai wani mai sayar da waya da ya daɗe yana naci, zai kira shi.

Lahadin da na faɗa masa ita ce ranar godiyata a majami'a. A nan al'ada ce, in Allah ya yi wa mutum wani abu, sai ya sa fararen kaya, ya gayyato dangi da abokai, a yi rawa zuwa gaba da farin hankici, ya ba da baikon kuɗi ga majami'a, a miƙa masa makirufo ya ba da shaida. Na ɗinka wa Baba farar babbar riga, na aika mota ta ɗauko shi. Ya zo da murnarsa, ya zauna a layin gaba yana ta kallon rufin ginin.

Da aka ba ni makirufo na faɗi tebur ɗin farko, na faɗi shaguna, na faɗi gida. Mutane suna ta amin. Daɗin tafi ya ɗebe ni, sai na nuna Baba na ce ga mahaifina nan, shekara talatin yana wanke dattin kan mutane a bakin kwata, amma yau Allah ya share wa gidanmu wannan kunya, daga yau hannunsa ba zai sake taɓa sabulu ba. Da Turanci na faɗa, ana fassarawa da yaren Tonanci, Baba kuwa yana jin Tonanci kamar haifaffen Kumasi. Majami'a ta ɗauki sowa. Aka ce ya miƙe a gan shi. Ya miƙe, hularsa a hannu, ya ɗan rusuna wa jama'a ya koma ya zauna.

Muka shiga mota, muka yi nisa. Sannan ya ce, "Uwata, wa ya gaya miki kunya nake ji?" Na yi kamar hankalina yana kan titi. Bai maimaita ba.

A gidana ya kwana. Da gari ya waye ya ce in sauke shi a wurin aiki, akwai hulunan mutane da ya bari a ɗaki ba a goge ba. Na ɗauke shi. Tun daga gida nake shirya yadda zan gaya masa, amma na kasa. Ni da ake tsoron bakina a kasuwa, na yi tuƙin awa biyu ban iya haɗa magana ɗaya ba.

Muna isa muka tarar da kontena, irin shagon ƙarfen nan, shuɗiya, an zaunar da ita a gindin bangon, simintin ƙasanta ko bushewa bai gama yi ba. Jiya aka kawo ta muna can muna rawa da hankici. Baba ya fito daga mota ya tsaya. Mai kokon da take gefensa shekara da shekaru ta bar tukunyarta ta taho, mai shayi ya taho, masu wucewa suka fara tsayawa. A Nima ba a rasa 'yan kallo. Sai ga ɗan Alhajin ya fito yana murmushi, ya miƙa wa Baba hannu biyu.

Ya ce, "Baba, Allah ya sa hutawa ne. Sista ya kawo saƙonka. Kayanka duka na sa a zaure, ba abin da ya ɓace."

Baba ya juyo ya dube ni. Sau ɗaya ne, kuma bai daɗe ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Haka ne. Ni na aiko ta."

Mai koko ta ce haba Baba, ko sallama babu? Ya ce mata ai ga shi ya zo sallamar. Suka shiga zaure da ɗan Alhajin don kwaso kaya, ni kuwa na koma mota na ɗaga gilashi, domin ba zan iya haɗa ido da kowa ba.

Kwana uku ya ƙara a Nima. Ya goge hulunan da suka rage a ƙofar ɗakinmu, ya bi gida-gida ya mayar wa kowa tasa, ya yi musu ban kwana. Ran na huɗu ya sa aka loda gumagumansa a bayan motata, ya bar wa ƙanena mukullin ɗaki, muka tafi.

Na yi zaton ɗayan biyu, ko ya yi fushi da ni ko ya yi ta rama har ya kwanta. Ko ɗaya bai yi ba. Yana cin abin da aka ba shi ya yi godiya. Ya sami wata ƙaramar majami'a a unguwar yana zuwa da ƙafa. Ya roƙe ni ɗan filin da ke bayan gida ya shuka yakuwa da kuɓewa. Hannunsa ya warke, fatar ta yi laushi, har na nuna wa ƙawayena. Abu ɗaya na lura da shi, ranar Alhamis ba ya iya zama. Tun asuba zai fito tsakar gida, ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake komawa, kamar mai jiran baƙo.

Ni ce na kasa samun sukuni. Na sayo masa talabijin, na sayo masa yadi kala-kala, na canja masa katifa da ba abin da ya same ta. Kullum ina tambayarsa me yake so. Wata rana ya gaji ya ce, "Na ci, na sha, na yi addu'a, ƙafata tana kai ni inda nake so. A Nima Allah ya ishe ni, a nan ma ya ishe ni. Ke nake yi wa addu'a, Uwata, domin ban taɓa ganin ranar da kika zauna kika ce ya isa ba." Na ji haushin maganar ƙwarai, kuma na ji haushinta ne don ban sami inda zan kama in musa ba. A lokacin ina neman shago na huɗu, ina kwana ina tashi da ciwon kai.

Maganar ƙaryar kuwa bai taɓa tayar da ita ba. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Na je majami'a na yi ta roƙon gafara, amma na san wanda na yi wa laifi yana zaune a bayan gidana yana cire ciyawa, kuma akwai wani a Nima da har yanzu yake ɗauka gaskiya na gaya masa.

Sai da aka kusa shekara na iya zuwa. Na ce a raina zan faɗi gaskiya, in roƙi a mayar wa Baba wurinsa, ko me za a nema in yi. Na sami ɗan Alhajin a zaure da rana tsaka. Ban yi doguwar gaisuwa ba, na ce masa ba Baba ne ya aiko ni ba, ni na ƙirƙira.

Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na sani, sista. Tun ranan na sani. Na ga fuskanshi lokacin da ya ga kontena."

Na ce, "Ka sani ka yi shiru?"

Ya ce da suka shiga zaure ya rufe ƙofa, ya ce wa Baba ya gane an yi kuskure, kuma ba zai iya kwana da maganar mahaifinsa a wuyansa ba. Ya ce a ranar zai sallami mai wayar, a fasa simintin tun bai bushe ba, kafin la'asar benci ya koma wurinsa. Har ya ɗauko waya zai kira. Baba ne ya riƙe masa hannu. Ya ce in aka ɗaga kontenar nan, duk Nima za ta tambayi dalili, kuma dalilin ɗaya ne. Ya sa shi ya yi alkawarin ba zai gaya wa kowa ba.

Na ce to yanzu fa, a ɗaga ta.

Ya girgiza kai. Ya ce mai wayar ya kafu, ya kawo iyalinsa, shi ma yanzu da wurin yake ci. Kuma ko da babu wannan, Baba ya riga ya ce a gaban jama'a shi ya aiko ni. Ya ce, "Ni ba na mayar da tsoho maƙaryaci."

Na dawo gida da yamma na same shi a bayan gida, yana tsugune a cikin shukarsa. Na durƙusa a gabansa da kayan kasuwa a jikina. Na ce, "Baba, daga wurin ɗan Alhaji nake."

Ya ɗago kai. Ya ce, "Bai kamata ya gaya miki ba."

Na ce, "An ce za a mayar maka, ka ƙi. Ka fi son wurin nan da komai, na sani. Me ya sa?"

Ya karkaɗe ƙasar hannunsa. Ya ce, "Ina son sa, har gobe ina son sa. Amma aro ne Allah ya ba ni, na ci moriyarsa shekara talatin, ban biya ko sisi ba. Ke kuwa da bakinki kike cin abinci. In aka ce kin yi wa ubanki ƙarya, daga Nima har Malam Atta wa zai sake yarda da maganarki?"

Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mamanmu. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Tashi haka nan, Uwata, kina danne mini yakuwa."

Na tashi. Kontenar tana nan har yau, ni kuwa ban sake iya bi ta wannan titin ba.